Rabin Hanya

"Masu raino a waje suke jira, ga benci can."

Sai da sakatariyar ta maimaita sannan Amenan ta gane da ita ake. Ta waiga bayanta, babu kowa. Ita ɗin ce dai, da takardar haihuwar 'yarta a hannu, da gumin da ta kwaso tun daga kan gada saboda cunkoson safe. Abin da ya fi ƙona mata rai, mai maganar baƙa ce wuluk kamarta, wataƙila ma da za a bincika kakanninsu sun sha ruwan rafi ɗaya.

Idonta ya riga ya tsallake ƙofar gilashi. Ga mijinta Wisam, Balaraben Labanan, a zaune gaban shugabar makaranta. Ga Nisrin, 'yar baffansa, ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. A tsakaninsu kuma ga wata yarinya mai gashi santal har kafaɗa, ta sunkuyar da kai.

Sai da ta ƙura ido sannan ta gane ta.

"Dalya...?"

Ranar Lahadi da hannunta ta yi wa yarinyar nan kitso, awa biyu suna rigima da dariya, ta jera mata duwatsu ja da fari a bakin kowane silli. Yanzu babu kitso babu duwatsu. An bi gashin da ƙarfe mai zafi an miƙar, ga ɗan tabon ƙuna a saman kunnen hagu.

Ta tura ƙofar ta shiga. Wisam ya miƙe ya ce wa shugabar ai wannan ce matarsa, amma a hankali ya faɗa, kamar wanda ya yi tari a cikin sahu yana neman afuwa. Nisrin ta yi murmushi ta ce kada Amenan ta damu, ita ta ɗan gyara wa yarinyar kai don ta shiga cikin 'yan'uwanta. A kan tebur ga takardar shiga makaranta an cike, kuma a gurbin wadda za a kira idan wani abu ya taso, sunan Nisrin ne zaune daram.

Amenan ta kama hannun 'yarta suka fita. Da suka zo wucewa ta gaban sakatariyar ta tsaya.

"Mai rainon ta gama jira," in ji ta.

A mota suka kama hanya har suka shiga Markori, unguwarsu a nan Abijan. Can Wisam ya fara. Ya ce makarantar nan duk 'ya'yan danginsu can suke, ana koyar da Larabci, gurbi a cikinta sai da hanya, kuma Nisrin da ke koyarwa a can ita ta yi musu ƙoƙari. Maganar gashi kuwa wallahi shi ma sai a mota ya gani.

"Ka gani, sai ka ce me?"

Ya ƙura wa titi ido.

"Na tambaye ka, Wisam. Ka ga kunnen 'yarka, sai ka ce me?"

"Habibti, ki bari mu isa gida..."

Gidan shi ne matsalar. Shekara bakwai suna hawa na uku a benen mahaifiyarsa, Teta Wadad, ita tana hawa na biyu, shagon tayil ɗinsu yana ƙasa. Duk wanda zai hau wajensu sai ya bi ta ƙofar tsohuwar, ƙofar kuwa ba a rufe ta. Teta ba ta taɓa zagin Amenan ba, a faɗi gaskiya. Gaisuwa ce dai da Faransanci kamar ta ma'aikatan banki, shekara bakwai ba ta ƙaru ba ba ta ragu ba.

Kuma ba don babu so ba ne Amenan ta haƙura haka. Wisam ɗin nan shi ne wanda ya zo kantin maganin da take aiki sayen maganin hawan jinin uwarsa, ya dinga dawowa kullum yana sayen wani, har sai da ta ce masa idan tsohuwar ta sha duk abin da ya kwasa ba za ta kai Juma'a ba. Ya yi ja har kunne, ya ce to shi ma a ba shi na bugun zuciya. Har yau idan ta tuna sai ta yi murmushi, ko tana cikin fushi. Mutum ne mai taushin zuciya da saurin hawa, kuma a gaban uwarsa ba shi da baki.

Da suka hau sama ta sa Dalya a ɗaki, ta dawo ta tsaya a gabansa.

"Juma'a ta sama da sha biyun rana ake rufe ɗaukar 'yan aji ɗaya. Kafin nan ka samo mana unguwar da 'yata za ta fita ƙofar gida ba a tambaye ta 'yar waye ba, da makarantar da zan shiga ba a nuna mini benci ba. In ka samo, mu uku ne. In ba ka samo ba, ni zan samo, mu biyu."

Ya kalle ta ya ga ba barazana ba ce. Ya ce ya ji.

Tun daga ranar zama ya gagari Amenan. A wajen aiki sai ta miƙa wa mai ciwon kai maganin tari. A gida ta haɗa kaya a kwali, ta kwance, ta sake haɗawa. Ta cika jakarta da lambobin dillalai. Ta wanke kan Dalya sau uku, gashin ya ƙi komawa yadda yake.

Asabar suka fara da unguwar Ribiyera. Dillali ya kai su wani rukunin gidaje mai katanga da wayar lantarki, ga furanni, ga titi kamar an lashe. Mai gadi ya sara wa Wisam, sannan ya miƙo wa Amenan littafin da 'yan aiki ke rubuta suna. Gidan ya yi kyau, ba ta musa ba. Amma ta ce kafin ta ga kicin tana son ganin maƙwabta, ta je ta danna ƙararrawar gidan da ke kusa. Wata murya ta fito daga cikin bango ta tambaye ta wa take nema, kare yana taya ta. Makarantar unguwar kuwa har da wurin iyo, sai dai malamar da ta karɓe su ta tambayi yarukan da ake yi a gida, ta ba da shawara cikin ladabi a ajiye wa yarinya "na ƙauyen" tukuna don kada ya rikita ta.

Wisam ya ce shi dai ya ga tsaro. Amenan ta ce ita ma ta gani, har ya yi yawa.

Lahadi ta ce a je Yofugon, unguwar da ta zauna lokacin da ta fara aiki, don ta nuna masa yadda ake karɓar mutum. An kuwa karɓe su. Kafin su rufe mota yara sun fi ashirin sun kewaye Dalya suna tafi suna rera "tubabu, tubabu," wato Baturiya, wannan ya ja gashi, wannan ya shafa hannu ya duba ko farin zai goge. Mai gidan hayar da ya hango Wisam sai nan take ya tuna ashe haya ta tashi tun watan jiya. Mai makarantar layin ya fi kowa murna, ya ce kyauta ma zai ɗauke ta, in dai za a bari ya sa hotonta a allon bakin titi, don irinsu suna jawo iyaye.

Wannan karon Amenan ce ta riga kowa komawa mota.

A hanyar komawa Dalya ta leƙo tsakanin kujerun gaba.

"Mama, a makarantar Anti Nisrin wata ta ce ni baƙa ce. A nan kuma sun ce ni Baturiya ce. Su wa suka yi ƙarya?"

Wisam ya kusa hawa bayan wata motar haya. Amenan ta juya ta ce duk cikinsu babu wanda ya san ta, shi ya sa. Amsar ba ta gamsar da yarinyar ba, ita ma ba ta gamsar da ita ba.

Litinin da Talata suka zaga unguwannin Angare da Kumasi da wasu biyu bayan an tashi aiki. Inda gida ya yi, makaranta ba ta yi ba. Inda makaranta ta yi, an cika. Wisam ya fara tsaki a cikin cunkoso, wayarsa tana ta ƙara, Teta ce, wai jininta ya hau tunda ta ji ana maganar tashi.

Laraba da hantsi, ranar hutun Amenan, aka ƙwanƙwasa. Nisrin ce, da kaya a leda an goge su tsaf. Duk dangi sun san ita aka so Wisam ya aura, kuma sun san har yau ba ta cire rai ba, tana dai jiran ranar da zai gaji da hawa da sauka tsakanin mata biyu. Ta zaro rigar makaranta ta ɗaga. Ga sunan Dalya an ɗinka a ƙirji da zare shuɗi.

"Au, bai gaya miki ba? Ai tun Litinin da safe ya sa hannu." Ta gyara wuyan rigar. "Kada ki ga laifinsa, 'yar'uwa. Yawon nan da kuke yi don ki huce ne. Yarinya dai a cikin danginta za ta tashi."

Amenan ba ta san sanda ta sauka bene uku ba. Ta same shi a shago yana nuna wa wani tayil ɗin banɗaki. Ta ajiye rigar a kan tayil ɗin.

Ya sallami mutumin, ya fara rantsuwa. Ya ce don kada yarinya ta tashi babu ko ɗaya ne, in sun samu wani wurin sai a janye. Ya ce Mama ce ta yi ta kuka, jininta ya kai inda bai taɓa kaiwa ba.

"Ni ma ina da jini, Wisam."

"Hasken idona, ki saurare ni..."

"Litinin da safe ka sa hannu. Litinin da yamma ka ɗauke ni muka je Angare, kana tambayata ko ɗakin ya yi wa Dalya. Abin da ba zan manta ba ke nan."

Ya miƙo hannu, ta kauce. Duk kwalayen da ta yi kwana tara tana haɗawa ba ta ɗauki ko ɗaya ba. Jaka ɗaya ta saɓa, ta riƙe 'yarta, ta tare tasi ta ce Banjarbil, can bayan gari.

Sai da suka yi nisa gabanta ya fara faɗuwa, don gidan da ta nufa shekara bakwai rabonta da shi. Gidan Kawu Konan ne, wan mahaifiyarta, wanda ya riƙe ta tun tana 'yar shekara tara. A wajen Bawule, ƙabilar su Amenan, ɗa na dangin uwa ne, saboda haka wajensa Wisam ya je neman aure. Mu nan kuwa kowa ya san yadda ake shiga gidan mutane: a ba ka kujera, a ba ka ruwa, sannan a tambaye ka labari. In za ka tafi ba ka miƙewa haka kawai, sai ka nemi hanya, masu gida su ba ka rabi su riƙe rabi don ka dawo. Wisam a Abijan aka haife shi, amma tun yana ɗan shekara biyar aka tura shi Labanan karatu, sai da ya yi gemu ya dawo. Ranar ya sha ruwa, ya faɗi abin da ya kawo shi. Kawu ya ce mutanenku suna ɗaukar 'ya'yanmu su haye bene da su, ba mu ƙara ganinsu, sannan ya yi masa tambaya ɗaya. Wisam ya ji kamar an zagi iyayensa, ya miƙe, ya kama hannun Amenan suka fice. Ko sallama babu, balle neman hanya. Ita ta san girman abin da aka yi, amma ƙuruciya da so suka rufe mata ido, daga baya kuma kunya ta hana ta komawa.

Katangar gidan tana nan gajeriya yadda ta san ta, bishiyar fiya ta ƙara girma. Inna Akisi, matar Kawu, tana tankaɗen rogo a tsakar gida. Ta ɗago, ta daɗe tana kallo. Ta goge hannu ta jawo benci, ta kawo ruwa a kofin silba.

Amenan ta sha, hawaye yana zuba a cikin kofin.

Kawu Konan ya fito yana dogara sanda, ya tsufa fiye da yadda ta zata. Ya zauna, ya tambayi labari kamar jiya ta fita. Ta ce lafiya, gaisuwa ce. Ya tambayi labari na biyu, nan ta kwashe komai ta faɗa. Bai ce ai na gaya miki ba, kuma da ya faɗa da ya fi mata sauƙi. Ya juya wajen yarinyar ya tambayi ranar da aka haife ta. Aka ce Alhamis.

"Ahu ke nan," in ji shi. "Sunan uwata. Zo nan, Inna, kin daɗe a hanya."

Dalya ta tafi za ta haye wata kujerar kaba da ke gefen baranda, ya ɗaga sanda.

"A'a, ban da wannan. Da mutum a kai."

Amenan ta kalli kujerar. Babu kowa, sai sabon fenti.

"Baƙona ne," in ji Kawu. "Na ba shi ruwa, na yi masa tambaya, ina jiran amsa. Bai nemi hanya ba, ni kuma ban ba shi ba. To ina ya je? Yana nan zaune."

Inna Akisi ta ce ita dai ta gaji da share ƙarƙashin kujerar nan, ko biki ake ba ya bari a ɗaga ta, duk shekara kuma sai ya saye mata fenti. Amenan ta rufe fuska da gyale. Shekara bakwai tana zaton an rufe mata ƙofa, ashe su a wajensu ziyarar ma ba ta ƙare ba.

Da yamma Inna Akisi ta zaunar da yarinyar tsakanin ƙafafunta, ta shafe kan da man kaɗe, ta kitse shi yadda ya samu. Washegari Alhamis ta ce su zo ta kai su makarantar ƙarshen layi, inda jikokinta suke. Amenan ta bi ta ba da wani sa rai ba. Ginin ba sabo ba ne, ga bokiti a kusurwar wani aji inda rufi ke yoyo. Shugabar, Madam Yapi, ta ba su kujera, ta ba su ruwa, sannan ta durƙusa daidai tsayin yarinyar ta tambayi sunanta.

"Dalya... da Ahu."

"Da wanne zan kira ki?"

Yarinyar ta yi tunani. "Duka."

"To duka za a rubuta."

Suka fito fili ana hutun tara. 'Ya'yan ƙabilar Mosi ne da na Jula da na mutanen Togo masu kamun kifi, har da wani yaro mai ƙananan idanu da aka ce ubansa ɗan Sin ne mai aikin titi. Suka ɗago suka kalli baƙuwar sau ɗaya, suka koma tsallen igiyarsu. Can wata mai giɓi ta yi mata tsawa ta ce in za ta yi wasa ta zo ta riƙe igiya, hannunta ya gaji.

Dalya ta saki hannun uwarta ta ruga.

Wannan rashin kallon shi ne abin da Amenan ta zaga rabin Abijan tana nema. Ta tsaya a rana tana kuka kamar wadda aka yi wa rasuwa.

Saura abu ɗaya. Madam Yapi ta ce gurbi biyu ya rage, kuma tunda uban yana raye yana gari, dole shi ma ya sa hannu kafin sha biyun gobe. Amenan ta kunna wayarta, ta ga kira arba'in da ɗaya. Ba ta kira ba. Ta rubuta masa inda take, da sunan makarantar, da lokacin rufewa, ta kashe.

Juma'a tun da sassafe take sintiri tsakanin ƙofar gida da baranda. Ta share tsakar gidan da aka riga aka share. Takwas ta wuce, tara ta wuce. Inna Akisi ta ce in ba ta zauna ba za ta haƙa musu rijiya da ƙafa. Goma da rabi mota ta tsaya.

Wisam ya fito, kana ganinsa ka san bai ga reza ba kwana biyu. Ya zaga ya buɗe ƙofar baya. Teta Wadad ta sauko da baƙin mayafinta da sandarta.

Amenan ta zabura. Ta jawo 'yarta ta ɓoye a bayanta, don ta tabbata ƙwace aka zo yi.

Tsohuwar ta tako har gaban Kawu Konan, ta ɗan rusuna, ta buɗe baki ta gaishe shi da Bawule. Kuma ba Bawulen kasuwa ba, irin na tsofaffin ƙauye wanda ita Amenan kanta sai ta kasa kunne. Rariya ta faɗi daga hannun Inna Akisi.

Bayan ruwa da labari na farko, Teta ta faɗi nata. Ta ce a garin Dimbokoro aka haife ta, inda ubanta ke sayen 'ya'yan kofi a hannun manoma, kuma wata Babawuliya ce ta goye ta har ta yi wayo. Ta ce ranar da ɗanta ya dawo yana huci ya ba ta labarin yadda ya fice daga gidan nan, ta san sarai abin da ya yi.

"Na san gyaransa kalma ɗaya ce. Na yi shiru, don shirun ya yi mini daɗi." Ta juyo wajen Amenan, karo na farko da yaren uwarta. "'Yata, kwana biyu ban ji gudun yarinyar nan a saman kaina ba. Na zauna ni da Nisrin muna kallon juna, sai na ga abin da na shuka. Na ce ta koma gidan ubanta ta huta."

Amenan ta rasa abin da za ta ji. Haushi ya zo, na shekara bakwai na gaisuwar banki daga matar da ke iya yi mata magana haka. Tausayi ma ya zo, bai nemi izininta ba.

Kawu ya nuna kujerar kaba da sanda. Wisam ya je ya zauna a kai a ɗarare.

"To, baƙona. Na tambaye ka, in kun haihu, ɗan zai san ƙofar gidan nan?"

Wisam ya ɗago kai. Ya ce jiya ya je ya janye sunan yarinyar daga waccan makarantar da hannunsa. Ya ce da suna shigowa ya ga allon haya a wani gida a bayan layin nan, mai bishiyar mangwaro.

"Za ta san ta, Kawu. Da ƙafa za ta dinga zuwa, in kun yarda da maƙwabtaka da mutum mai saurin tashi."

"Saurin tashi?" in ji Kawu. "Ni ban taɓa yin baƙo mai daɗewa irinka ba."

Aka yi dariya, ban da Amenan, don ita agogo take kallo. Sha ɗaya da kwata. Teta ta zunguri ɗanta da sanda, ya gyara murya ya ce yana neman hanya. Kawu ya ce wace hanya, ga acaken rogo da kifi a wuta? Ya shiga ba da labarin yadda aka yi titin Banjarbil. Sha ɗaya da rabi Wisam ya sake nema, Kawu ya ce rana ta yi zafi, a bari ta sauka. Amenan ta tashi ta zauna ta sake tashi. Ta san tsohon nan sarai, yana sane, bashin jiransa yake ɗan fanshewa, kuma duk wanda ya katse shi an koma gidan jiya.

Sha biyu saura kwata Wisam ya nema karo na uku, gumi har cikin ido.

Kawu Konan ya dube shi ya daɗe.

"Mun ba ka rabi."

Da gudu suka tafi, shi da ita da yarinyar a tsakiya, takalmin Amenan ɗaya a hannu. Madam Yapi tana shirin rufe rajista suka faɗo. Ta ce su zauna su sha ruwa tukuna, Wisam ya ce don Allah a ba shi biro ya sha ruwan daga baya. Ya sa hannu a ƙarƙashin sunan, ya karanta shi a fili, Dalya Ahu, muryarsa ta karye a na biyun.

A hanyar dawowa yarinyar ta yi gaba tana tsalle. Suka tsaya a ƙofar gidan mai mangwaro, suka leƙa ta saman katanga. Fenti ya koɗe, famfon tsakar gida yana ɗiga. Wata maƙwabciya da ke shanya ta hango su, ba ta tambayi ko su waye ba, ta ce su shigo daga rana mana, ga benci. Suka zauna a inuwa, kafaɗarsu tana gogar juna.

Ya ce ya yi kuskure. Ta ce ta sani. Ya ce ba zai ƙara ɓoye mata takarda ba. Ta ce wannan kuma sai ta gani. Ya kama yatsunta, ba ta janye ba.

Can ya duba agogo ya ce ya kamata ya mai da Mama gida, ga shago a rufe tun jiya. Ya miƙe, sai kuma ya tuna, ya dawo ya tsaya a gabanta ya haɗa hannu biyu kamar ɗan makaranta.

"Habibti... ina neman hanya."

Daga can gidan Kawu ana jiyo muryar Teta da ta Inna Akisi suna musu a kan yawan barkonon kifi, da alama tsohuwar ba ta da niyyar neman tata hanyar yanzu. Amenan ta ɗago ta kalli mijinta. Rabonta da ta ji zuciyarta ta kwanta haka tun ranar da aka nuna mata benci.

"Kawu mutumin kirki ne, shi ya sa ya ba ka rabi," in ji ta. "Ni ko taku ɗaya ban bayar ba."

Ya koma ya zauna.